Kayan Zaƙin Sallah na Rabo: Da Wanne Zan Fara, Kuma Yaya Zai Isa Lafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce, wannan ce Sallata ta farko a ɗakina. Ina so in yi kayan zaƙi da hannuna in raba wa surukaina da maƙwabta, in kuma aika wa iyayena da ke wani gari, tafiyar yini guda a mota. Ba ni da obin, wuta ba ta zama a unguwarmu balle in dogara da firji, kuma kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba. Me ya kamata in yi, yaushe zan fara, kuma yaya zan adana kada ya lalace kafin ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya albarka a auren, ya nuna mana Sallar lafiya.

Fara cire damuwar obin da firji daga ranki. Alkaki da nakiya da dubulan da kantu duk sun girmi firji a ƙasar nan, kuma jure ajiyar da suke yi ne ya sa su ake zubawa a gara a ɗauka daga wannan gari zuwa wancan. Abin da za ki yi shi ne ki zaɓi kowane kaya gwargwadon kwanakin da zai yi kafin a ci da nisan da zai yi, sannan ki jera aikin, mai daɗewa a gaba, mai saurin lalacewa a ƙarshe.

Ruwan da ya rage a cikin abu shi ke yanke masa kwanakinsa. Fumfuna da ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci sai da damshi suke yaɗuwa, sukari mai yawa kuma yana riƙe ɗan ruwan da ya saura ya hana su moriyarsa. Don haka kantu da nakiya, da kusan babu ruwa a jikinsu, su ne sarakan ajiya, nakiyar da ta ji man shanu ma takan yi watanni. Cincin mai ƙarfi da ya soyu har ciki yakan kai mako uku zuwa wata guda a rufe. Gireba ta yi mako biyu. Dubulan da alkaki, idan ruwan sukarinsu ya dahu daidai, mako guda zuwa biyu. Tuwon madara kada ki ba shi fiye da kwana biyar. Kek kuwa, da ƙwai da bota da laushinsa, kwana uku zuwa huɗu ne a zafin nan namu, daga nan sai ki ji ya fara yauƙi a tsakiya. Bayan ruwa sai mai. Man da aka soya abu da shi sau da yawa yana saurin juyawa, bayan kwana kaɗan cincin ya ɗauki warin tsohon mai, ya riƙa maƙaƙi a wuya, ko da kuwa a bushe yake ƙarau.

Ki kuma duba lokacin da Sallar ta faɗo, tunda kowace shekara tana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya. A 2025 Ƙaramar Sallah ta zo ƙarshen Maris, Babba kuma farkon Yuni. Wato a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah a bushewa da zafi take zuwa, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi ke taɓa digiri 40. Wannan yanayi abokin cincin ne da kantu, amma duk abin da aka shafa wa bota a sama ko aka tsoma a cakulan narkewa zai yi tun kafin ya bar layinku, domin bota da cakulan ba sa kai digiri 35 ba su saki jiki ba. Waɗannan kek masu ado da kike gani a hotuna a ɗaki mai sanyi ake yin su, a mota mai sanyi ake kai su. Ki bar su tukuna.

Kafin ki sayi ko gwangwani ɗaya na fulawa, ɗauki biro ki rubuta gidajen da za ki kai wa. Nan ne amare ke faɗawa rami: a yi kaya da yawa a ido, ranar rabo a tarar gida shida sun rage. Idan lissafin ya fi ƙarfinki, akwai ma'aunin da ya zo a hadisin Bukhari, inda Nana A'isha ta tambayi Manzon Allah (SAW) wanne za ta yi wa kyauta cikin maƙwabtanta biyu, ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa da ita. Ki fara daga ƙofar da ke jikin taki, ki tsaya inda ƙarfinki ya tsaya. Sannan ki kasa mutanen kashi uku. Na nesa, wato su Mama, cincin da kantu da gireba ne nasu, masu jure girgizar mota. Surukai na cikin gari su samu dubulan a kan cincin. Maƙwabta, da yaro zai miƙa musu cikin minti biyar, su ne za su iya samun kek.

A shawarata kala uku sun ishe ki bana: cincin, kantu, dubulan. Idan ƙarfi da kuɗi sun ragu ki ƙara kek ko gireba. Kala uku da suka fito tsaf sun fi bakwai da aka yi a gurguje, kuma kantu zai rage miki nauyi sosai, don ba ya cin mai, ba ya cin ƙwai, ba ya cin bota. Kek shi ne mai cinye kuɗi.

Sayayya ki gama ta kafin azumi ya raba, don kin san yadda fulawa da sukari da mai ke tashi idan an shiga goman ƙarshe. Idan kina Kano, ku haɗa kuɗi da facalolinki ko ƙawaye a sayo a Kasuwar Singa a raba, ya fi awon kanti sauƙi. Ki sansana fulawar kafin ki biya, idan kin ji warin rima ki bar ta, kuma ko sabuwa ce sai kin tankaɗe ta da rariya. Idan da hali ki sayi ƙaramin sikelin kicin. Mudun wannan gari ba na wancan ba ne, kofi ma kowa da nasa, amma kilo kilo ne a ko'ina. Idan babu sikeli, kofi madaidaici na fulawa yana ɗaukar kamar giram 125, na sukari giram 200, sai ki tsaya a kan kofi ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Mai kuwa sabo za ki ware wa wannan aiki. Idan man gyaɗa na gida ne, a kan ƙona shi da albasa don kashe gafinsa, to na kayan zaƙi ki jefa gutsuren citta ko ɓawon lemo a maimakon albasar, in ba haka ba dubulan ɗinki zai riƙa ƙamshin miya.

Game da lokaci, ki yi lissafinki a kan azumi ashirin da tara. Sau nawa mata suka sakankance za a cika talatin, sai sanarwar ganin wata ta fito daga fadar Sarkin Musulmi da daddare, ga kwaɓi a roba, ga kitso ba a yi ba, ga ɗinki a wajen tela. Kantu da cincin ki gama su tsakanin 22 da 25 ga wata. Na su Mama ya kama hanya a 26, kafin tashoshi su cika. Dubulan a 27 ko 28. Kek sai daren da aka ga wata ko washegarin Sallah, ai rabo ba ya ƙarewa ranar idi. Suya kuma ki yi ta da sassafe bayan asuba ko bayan sallar asham. Tsayuwa a kan kaskon mai da rana tsaka, da ƙishirwar azumi a wannan zafi, jiri take kawowa, jiri a gaban tafasasshen mai kuwa ba abin wasa ba ne. Aikin dare yana da wata riba: kina iya ɗanɗanawa. Kuma idan kin rarraba aikin haka, kwana ɗaya abu ɗaya, ba zai cinye miki dararen goman ƙarshe ba.

To, cincin. Ga awon da nake yi na ajiya: fulawa kilo 1, sukari giram 250, bota giram 120, ƙwai 2, bekin foda ƙaramin cokali 1, madarar gari babban cokali 4, ɗan gishiri, da rabin gyaɗar ƙamshi a goge. Ki murje botar cikin fulawa da yatsu har ta ɓace. Sukarin ki narkar da shi a kofi ɗaya na ruwa kafin ki zuba, domin ƙwayar sukarin da ba ta narke ba ita ce ke ƙonewa a mai ta bar ɗigo-ɗigon baƙi a jikin cincin. Ki kwaɓa da tauri, idan bai haɗe ba ki ƙara ruwa da cokali, ba da kofi ba. Kwaɓin da ya yi daidai ba ya manne wa hannu, kuma sai kin sa ƙarfi kafin ya murzu. Ki rufe shi ya huta minti ashirin, zai fi miki biyayya. Ki murza da kaurin rabin santimita, ki yanka ƙanana, don yana kumbura a mai. Garin da kika barbaɗa don kada ya manne, ki zuba yankakken a rariya ki girgiza ya zube kafin suya, shi ne ke kwanciya a gindin kasko ya baƙanta mai.

Zafin man da ake so wajen digiri 170 ne. Ba sai da ma'auni ba: jefa ƙwaya ɗaya. Idan ta nutse, ta ɗan jima kaɗan, ta taso da ƙananan kumfa kewaye da ita, ya yi. Idan ta yi ja nan take, wuta ta yi yawa, waje zai ƙone ciki ɗanye, kuma irin wannan ne ke yin fumfuna a mako guda. Idan ta kwanta a ƙasa shiru, man bai yi ba, cincin zai sha mai. Kada ki cika kasko, ki riƙa juyawa, ki kwashe tun yana ruwan zuma mai haske, don yana ƙara duhu bayan ya fito. Kowane kasko ki fasa ƙwaya ɗaya ki duba cikinta, ya zama a bushe har tsakiya. Idan kin ga mai yana kumfa yana neman zubowa, ƙwai ko bota ko bekin foda ne ya yi yawa a kwaɓin, ko man ya gaji. Rage yawan abin da kike zubawa, kasko kuma kada mai ya wuce rabinsa. Mai son cincin mai laushi yana ƙara bota da ƙwai, yana da daɗi, sai dai na ci ne a kwana biyu, ba na aike ba.

Kilo ɗayan farko ki ɗauke shi a matsayin ma'auni. Idan ya huce ki zuba a robobin da za ki yi rabo da su ki ga nawa ya cika, daga nan kin san kilo nawa ya rage miki, ba tare da kintace ba.

Yanzu sukari, wanda shi ne ainihin sana'ar. Dubulan da alkaki da tuwon madara da iloka da kantu duk sukari ne da aka tsayar a mataki daban-daban na dahuwa. Yayin da yake tafasa ruwansa na ƙonewa, zafinsa na hawa, kuma inda kika sauke shi nan ne zai nuna abin da zai zama idan ya huce. Ki ajiye kofin ruwan sanyi a gefenki. Matakin farko, wajen digiri 110, idan kin ɗiga a faranti ya ɗan sha iska kika taɓa da yatsu biyu kika buɗe, zai ja zare siriri. Wannan ne na dubulan da alkaki. Gaba kaɗan, 112 zuwa 116, ɗigon da kika jefa a ruwan sanyi zai dunƙule, ki iya ɗauko shi amma ya baje a yatsa. Nan ake sauke na tuwon madara. Daga 120 zuwa 130 dunƙulen zai yi ƙarfi da danƙo, na alewa mai jan haƙori ke nan. A wajen 150 ɗigon zai daskare nan take, ki karya shi ya ce ƙas. Wannan na kantu ne. Idan ya wuce 170 ya fara duhu da hayaƙi, ɗaci ya shiga, babu gyara. Tsakanin matakan ƙarshen nan daƙiƙu ne, don haka ba lokacin ɗaga waya ba ne.

Ki juya sukari har ya narke, da ya fara tafasa ki cire cokali. Yawan juyawa da ƙwayoyin da suka maƙale a gefen tukunya su ke sa shi ya koma gari, ki ga dubulan ya yi farin ɓawo. Lemon tsamin da iyayenmu ke matsawa a ciki maganin wannan ne: tsamin yana farfasa wani kaso na sukarin zuwa nau'o'i biyu da ba sa saurin haɗewa su daskare. Rabin lemo ya ishi kofi biyu na sukari. Idan ya yi yawa, abin zai riƙa jan damshin iska yana danƙo. Ki kuma kori yara daga kicin a wannan lokaci. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata. Idan tsautsayi ya faɗa, a sa wurin a ruwa mai sanyi ana kwarara masa har minti ashirin, kada a shafa ƙwai ko man goge baki ko gishiri, idan ƙunar babba ce a tafi asibiti.

Dubulan: fulawa kofi 4, mai babban cokali 4, ɗan gishiri, bekin foda rabin ƙaramin cokali, ruwa daidai yadda zai haɗe da tauri. Sirrinsa murji. Ki murza har ki fara ganin inuwar hannunki ta bayansa, idan akwai injin taliya a gidan ko a maƙwabta ki aro, zai rage miki rabin wahala. Ki yanka, ki tsaga, ki naɗe, ki matse bakin da ɗan ruwa don kada ya warware a mai. Wuta matsakaiciya, kuma ba a son ya yi ja, fari-fari mai ɗan rawaya ake kwashewa. Ruwan sukarinsa kofi biyu na sukari ne da kofi ɗaya na ruwa da rabin lemo, a dafa zuwa matakin zare. Ki bari dubulan ya huce, ruwan sukarin kuma yana da ɗumi, ki tsoma, ki juya sau ɗaya, ki tsame a kwando ya tsane. Idan kika ga washegari ya yi laushi ya kwanta, ruwan sukarin bai kai ba. Ki gwada da guda biyu tukuna, ki ba su rabin awa ki gani, kafin ki tsoma sauran.

Alkaki ban ba ki shawarar ki yi shi ke kaɗai bana ba. Ɓarzajjiyar alkama ce ake murje wa da mai, a kwaɓa da abin tsami a bar ta ta kwana, a kashe tsamin da ruwan kanwa, a naɗa, a soya a wuta marar ƙarfi, a jiƙa a ruwan sukari ko zuma. Faɗa da sauƙi, amma sanin tsamin ya kai da yawan kanwar da zai ɗauka da hanci da harshe ake koyonsa, kanwa kuma idan ta zarce alkakin ya yi duhu da ɗanɗanon sabulu. Haka nakiya, da dakanta. Idan uwar mijinki ko wata gwaggonsa ta iya, ki je ki ce, "Umma, ina so in zo in taya ki in koya." Wannan roƙon kaɗai zai yi miki aikin da bokitin alkaki ba zai yi ba.

Kantu kuwa ko yau kina iya yi. Riɗi kofi 2, sukari kofi 1. Wahalarsa a wanki take: riɗi yana zuwa da yashi, sai kin rege shi a ƙwarya, kin murje, kin ɗauraye har ɗacin ya fita, kin shanya ya bushe sarai. Ki soya shi a busasshen kasko a ƙaramar wuta kina juyawa, da kin ji ya fara tsalle yana ƙamshi ki juye a tire, don a kasko mai zafi zai ci gaba da ƙonewa. Tun kafin ki ɗora sukari ki shafa wa tire da kwalba da wuƙa mai, ki ajiye kusa. Ki narka sukarin da ruwa cokali uku da 'yan ɗigon lemo har ya kai matakin ƙas, ki juye riɗin gaba ɗaya, ki juya da sauri, ki zuba a tire, ki murje da kwalba, ki yanka tun da zafinsa. Minti biyu kika ƙara, wuƙa ba za ta shiga ba sai dai ki fasa. Ana yi da mazarƙwaila irin wadda ake kawowa daga yankin Maƙarfi, ta fi ƙamshi kuma tsofaffi sun fi son ta, sai dai ki narka ta da ɗan ruwa ki tace tukuna saboda tsakuwa da ɓawon rake. Idan da gyaɗa za ki yi a madadin riɗi, ki zauna ki tsince duk wadda ta yanƙwane ko ta canza launi ko ta yi fumfuna. Irin wannan gyaɗar tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Idan kin kai ga kek ko gireba, tukunya ce obin ɗinki. Ki samu tsohuwar tukunya mai faɗi da murfi mai kamawa, ki zuba yashi mai tsabta kaurin yatsu uku, ki rufe ki ɗora a gawayi minti goma sha biyar. Don gwada zafi, ki barbaɗa ɗan fulawa a murfin gwangwani ki sa a ciki. Idan ta yi ruwan ƙasa mai haske cikin kamar minti biyar, ya yi daidai da kek. Idan ta yi baƙi kafin nan, rage garwashi. Matsalar tukunya ita ce zafi daga ƙasa yake zuwa, gindi ya ƙone sama ba ta gasu ba, don haka garwashin ƙasa ya zama kaɗan, ki ɗebi wasu ki ɗora a kan murfi. Gwangwanayen madara ko na kifi da aka wanke aka daddanne bakinsu sun isa, ki shafe su da bota, kada ki cika su fiye da kashi biyu cikin uku. Awon da ba ya ba da kunya shi ne nauyi ɗaya: bota giram 250, sukari 250, fulawa 250, ƙwai 4 manya ko 5 ƙanana, bekin foda ƙaramin cokali 2. Ki buga bota da sukari har su yi fari su tashi, ƙwai ɗaya bayan ɗaya, fulawa kuma a hankali ba da bugu ba. Kada ki buɗe tukunya a minti goma sha biyar na farko. Tsinke ya shiga ya fito a bushe, ya gasu. Gireba ta fi sauƙi: fulawa kofi 4, niƙaƙƙen sukari kofi 1, mai kofi 1, a murje har idan kin dunƙula ya tsaya, a danna a ludayi ko ƙaramin murfi a kife, a barbaɗa riɗi. Wutarta ta fi ta kek sanyi, kuma fara ake sauke ta. Da zafinta ko taɓa ta kika yi rugujewa za ta yi.

Wajen zubawa ne mafi yawan kaya ke mutuwa bayan an sha wahalar yin su. A nan kam "a bari ya huce" ba ya kawo rabon wani. Cincin da aka rufe da sauran ɗumi zai yi gumi a cikin roba, gumin ya koma jikinsa, ya yi laushi, fumfuna ta biyo baya. Ki baza shi a tire, ki rufe da rariya ko yadi marar kauri saboda ƙuda, ki bar shi awa uku ko huɗu, sai kin tura hannu tsakiya kin ji sanyi. Kada ki shimfiɗa jarida don tsane mai, tawadarta tana narkewa ta shiga abinci, kwando ko farar takardar kicin za ki sa. Busasshe da mai damshi ba sa kwana a mazubi ɗaya. Idan kika haɗa kek da cincin, da safe cincin ya yi laushi kek ya bushe. Kowanne da ledarsa, sannan su haɗu a kwano ɗaya. Bakin ledar ki matse iskar, ki ninke, ki gifta shi a gefen harshen kyandir, zai liƙe ruf. Robar da ta taɓa ɗaukar yaji ko daddawa ba ta mantuwa, ko sau nawa aka wanke ta. Ke da kike amarya ga wani abu: ɗakinki cike yake da turaren wuta da humra, mai da madara kuma suna zuƙar ƙamshi. Kayan su zauna a kicin ko sito, nesa da turare da sabulu da kananzir, a sama ba a ƙasa ba saboda tururuwa.

Na su Mama ki sa a bokitin roba mai murfi, kantu a ƙasa, cincin a tsakiya, gireba a sama cikin tata robar, ki cusa takarda a duk inda ya rage fili don kada su riƙa karo da juna a hanya. Ki naɗe murfin da salatif, ki rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin bokitin, ki roƙi direba kada ya sa shi kusa da jarkar fetur ko ya ɗora masa buhu.

Ranar rabo, na uwar miji ke za ki kai da kanki, a kwano mai kyau. Na facaloli da 'yan'uwan miji kuwa mazubi iri ɗaya, cika iri ɗaya, don za a gwada, ko ba a gabanki ba. Na maƙwabta ki sa a robar da ba kya jiran dawowarta, kada kwanukan aurenki su watse a unguwa ki koma bin gida-gida. Idan akwai Kiristoci a layinku ki sa su a lissafi, a garuruwa irin Kaduna da Jos an saba wannan musayar, su ma za ki ga nasu cincin ɗin lokacin Kirsimeti. Gidan da akwai dattijo mai ciwon sukari, ki haɗa masa da soyayyar gyaɗa ko dambun nama, kada ya zauna yana kallon jikoki suna ci. Duk abin da kika sa wa zuma ki faɗa, domin ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Haka abin da ke da gyaɗa, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ta ko kaɗan.

Idan Allah ya kai mu Babbar Sallah kika so maimaitawa, lissafin zai ɗan canza, don a 'yan shekarun nan tana faɗowa ne a bakin damina. Iska mai damshi tana sa kantu danƙo ya manne da juna, don haka ki tabbatar sukarin ya kai matakin ƙas sosai, ki rage lemo, ki ƙulle shi a ƙananan ledoji da zarar ya huce, kuma kada ki yi shi ranar da hadari ya haɗu. Kwanakin ajiyar da na lissafa miki a sama ki rage kusan rabi. Cincin ko gireba da suka yi laushi amma ba su canza wari ba, ki mayar da su tukunyar yashi a ƙaramar wuta minti goma, ki bari su huce, za su dawo da ƙarfinsu. Wanda kika ga fumfuna a jikinsa kuwa, ko a ƙwaya biyu ne, ledar gaba ɗaya za ki zubar, domin saiwarta ta riga ta ratsa inda ido ba ya gani.